'Yan Sanda, Bindiga da Doka a Katsina: Tambayoyi da Amsoshi

Kaki ɗaya ne, amma aikin ɗan sanda a Jihar Katsina ya kasu biyu. Akwai wanda aka tura Batsari, Safana, Ɗanmusa ko Faskari, inda mutumin da zai yi arangama da shi ke riƙe da bindiga irin tasa, wani lokaci ma wadda ta fi tasa. Akwai kuma wanda ke tsaye a Ƙofar Ƙaura ko kan hanyar Daura, wanda tun safe har dare abokan hulɗarsa direbobi ne da 'yan kurkura da 'yan kasuwa. Doka ɗaya ce a kansu su biyun, kuma yawancin ɓarnar da ake kuka da ita tana faruwa ne idan aka ɗauko halin daji aka shigo da shi gari. Ga amsoshin tambayoyin da mutane suka fi yi. Wanda ke da shari'a a gabansa dai ya nemi lauya, don kowace magana da irin tata sarƙaƙiyar.

Da gaske doka ta yarda ɗan sanda ya sa wa mutum ƙarfi?

Ta yarda. Ba wanda zai kama ɗan fashi ko ya raba faɗan ƙauraye da baki kawai. Sai dai izinin yana tafe da sharuɗɗa huɗu. Aikin da jami'in yake yi ya zama halattacce, wato kamu ne ko kare rai ko hana laifi, ba neman na goro ba. Ya zama babu wata hanya da ta rage: in magana za ta wadatar ba a kai hannu, in hannu zai wadatar ba a zaro kulki. Ƙarfin ya yi daidai da girman barazanar. Sannan jami'in ya iya tsayawa gaban magabatansa ko gaban alƙali ya faɗi dalilin abin da ya yi.

Akwai abin da ake yawan mantawa. Da zarar turjiya ta ƙare, izinin ma ya ƙare. Mutum ya yi kokawa, an kayar da shi, an sa masa ankwa, to magana ta ƙare. Marin da ya biyo baya, ko dukan gindin bindiga a bayan motar sintiri, huce haushi ne, kuma laifi ne da za a iya gurfanar da mai shi a kai.

A ina aka rubuta waɗannan ƙa'idoji?

Tushen yana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 33 ya ba kowa 'yancin rayuwa, sannan ya keɓe yanayi uku da ba za a ce an tauye wa mutum wannan haƙƙi ba ko da ya rasa ransa: wajen kare wani daga farmaki ko kare dukiya, wajen yin halattaccen kamu ko hana wanda ke tsare tserewa, da wajen murƙushe tarzoma ko tawaye ko bore. Masu kare kisan da jami'ai suka yi sukan karanta zuwa nan su tsaya. Amma sashen da kansa ya ɗaure abin: dole ƙarfin ya zama irin wanda doka ta halatta, kuma wanda hankali zai yarda cewa ya zama tilas.

Sai Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Satumbar shekarar, ta maye gurbin tsohuwar da asalinta tun 1943, zamanin Turawa. Sai Dokar Hana Azabtarwa ta 2017. Sai kuma ƙa'idar da rundunar ta rubuta wa kanta a kan ƙarfi da bindiga, wato Umarnin Runduna mai lamba 237, wanda Sufeto Janar Mohammed Adamu ya ƙaddamar da sabon fasalinsa a Oktoban 2019. Sabon fasalin ya bi sawun ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a birnin Havana na ƙasar Kuba a 1990.

To yaushe ne zai iya harbi?

Ma'aunin ɗaya ne: rai. Ƙa'idojin 1990 sun ce ba a juya wa mutum bakin bindiga sai don kare kai ko kare wani daga kisa ko mummunan rauni da ke gab da aukuwa, ko don hana wani babban laifi mai barazana ga rai, ko don kama wanda ke da irin wannan haɗari yana kuma turjewa. Ko a nan ɗin ma sai in hanyoyin da ba su kai bindiga ba sun gaza. Harbi da niyyar kisa kuwa sai in babu makawa sam wajen ceton rai. Kafin ya harba, ana son jami'i ya bayyana cewa shi ɗan sanda ne, ya yi gargaɗi a sarari, ya ba da lokacin da za a bi gargaɗin, sai fa in yin hakan zai jefa shi ko wani cikin halaka.

A ɗauki matasa biyu, kowanne da adda. Na farko yana can nesa, ya yi tatul, yana zage-zage yana kaɗa ta a iska, ba kowa kusa da shi. Na biyu ya ɗaga tasa a kan mutumin da ya faɗi ƙasa. Addar iri ɗaya ce, amma na farkon akwai sauran lokaci a kansa: a ja baya, a kewaye shi, a kira ƙarin jami'ai, a kira wanda yake jin maganarsa a unguwa. Na biyun babu lokaci. Wannan tazarar da wannan lokacin su ne abin da mai bincike zai auna.

Waya, babur, buhun shinkafa, kuɗin da aka fizge a Babbar Kasuwa, duk dukiya ce. Gaskiya ne kundin tsarin mulki ya ambaci dukiya, amma ma'aunin 1990 bai yarda a sayi dukiya da ran mutum ba, kuma da wuya a gamsar da alƙali cewa harbin ɓarawon waya mai gudu ya zama tilas.

Wanda ya ruga da gudu fa? Ai mun taso muna jin ana cewa in ka gudu a harbe ka.

Wannan magana tana da asali. Tsohon Umarni na 237 ya yarda a harbi wanda ya gudu don kauce wa kamu in laifin da ake tuhumarsa da shi ya kai na kisa ko ɗaurin shekara 7, haka ma wanda ya tsere daga hannu. Wannan ƙofa ta yi faɗi ƙwarai. Philip Alston, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kisan da ba shari'a, wanda ya zo Najeriya a 2005, ya soki umarnin saboda yadda ya zama mafaka: a kashe mutum, a rubuta cewa ɗan fashi ne ya yi yunƙurin gudu. Gyaran 2019 an yi shi ne don toshe wannan.

A yau gudu kaɗai bai halatta harbi ba. Tambayar ita ce, mai gudun nan yana barazana ga ran wani a wannan lokaci? Mai gudu yana waiwaye yana harbi daban, yaron da ya ga motar sintiri ya firgita ya zubar da takalma daban. Duk da haka, shawara ga matasa: kada ku gudu. Doka na iya ba ka gaskiya, amma gaskiyar da iyayenka za su karɓa a madadinka ba ta da daɗi.

Harbi sama don tarwatsa jama'a, shi ma laifi ne?

Harsashin da ya tashi sai ya sauko. Na AK-47 yana tafiyar fiye da kilomita guda, kuma kwanon rufi ba ya tare shi. A cikin birnin Katsina ko Daura, inda gida ke manne da gida, lokacin bazara mata da yara a tsakar gida suke kwana. Wanda ya harba sama a bakin titi bai san a kan wa zai sauka ba. Hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta Afirka da ke Banjul, a ƙa'idojin da ta fitar a 2017 kan kula da taron jama'a, ta ce kada a yi harbin gargaɗi a wurin taro.

Haka batun "bindiga ce ta tashi da kanta". Kafin bindiga ta tashi sai an ɗana harsashi, an sauke makullinta, an ɗora yatsa a kan kunama. Jama'a kan ce tsautsayi ne, kuma ba a musun ƙaddara, amma a shari'a sakaci da makami laifi ne mai zaman kansa.

Idan aka tsayar da ni a shinge da dare, me ya kamata in yi?

A nan aka fi samun matsala, don tsoro biyu ne ke haɗuwa. Direban da ya taso daga Jibiya bayan isha ya hango tocila tana lilo a tsakiyar hanya, bai sani ba ko jami'ai ne ko ɓarayin daji, tunda su ma suna sa kaki suna tare hanya. Shi kuma kofur ɗin da ke riƙe da tocilar ya hango fitila biyu sun taho da gudu, bai san ko fasinjoji ne ko masu buɗe wuta ba. Kowa zuciyarsa a wuya take.

In ka tabbatar jami'ai ne, rage gudu tun daga nesa. Sauke babbar fitila, don wanda aka dallare wa ido ba ya ganin komai sai haske, kuma makaho mai bindiga abin tsoro ne. Kunna fitilar cikin mota, sauke gilashi, bar hannuwanka a kan sitiyari. Kada ka duƙa ka laluba ƙarƙashin kujera ba tare da ka yi magana ba. "Yallaɓai, takardun suna cikin aljihun mota, in ɗauko?" Wannan 'yar jimla ta isa ta sauke yatsa daga kan kunama. Fasinja kuma kada ya buɗe ƙofa ya diro sai an ce ya fito.

Su ma jami'an akwai nasu. Shingen da ba alama, ba motar aiki a gefe, ba riga mai ƙyalli, wasu ma cikin kayan gida, shi ke sa direba ya taka mota. Kuma ko ya taka, ƙin tsayawa bai halatta a bi mota da harsashi ba. Motar haya cike take da mutanen da ba su san hawa ba balle sauka, kuma in aka sami direba, motar da kanta ta zama makami. A ɗauki lamba, a sanar da shinge na gaba. Abin da zai canza hukuncin shi ne a ce daga cikin motar ake harbi, ko direban ya saita mutane da gangan.

Yana da ikon caje ni, ko ya buɗe wayata?

Yana da ikon caje mutum ko mota in akwai ƙwaƙƙwaran dalilin zargi, amma Dokar 2020 ta ce ya faɗi sunansa, da ofishin da yake aiki, da abin da yake nema, da dalili. Ta kuma fayyace cewa irin askin mutum, ko suturarsa, ko shekarunsa, ba sa zama dalili su kaɗai. Mace, mace ce ke caje ta. Batun waya kuwa, hedikwatar rundunar ta sha fitar da umarnin hana jami'ai bincika wayoyin mutane a kan hanya, masu magana da yawunta kuma sun ce ɗaukar bidiyon jami'i a bakin aiki ba laifi ba ne. Ka dai ɗauka daga nesa, kada ka cusa masa waya a fuska ko ka shiga tsakaninsa da wanda yake kamawa.

Dole ne a sa wa duk wanda aka kama ankwa?

A'a. Hali uku ne: in ana fargabar zai yi faɗa ko ya gudu, in don kare lafiyarsa ne, ko in kotu ta ce. Dattijon da aka aika wa sammaci ya zo caji ofis da ƙafarsa ba shi da buƙatar ankwa. Dokar 2020 ta kuma hana kama wani a madadin wani, irin a rasa yaro a tafi da uwarsa ko ƙanensa, ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Wanda aka tsare a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a cikin tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, kamar yadda sashe na 35 ya tanada. Beli kyauta ne, kuma mace na iya tsayawa mutum.

In ba a ɗan taɓa ɓarawo ba, ai ba zai faɗi gaskiya ba.

Wannan ra'ayi ba a caji ofis kaɗai yake ba. Mu da kanmu mukan kai ƙara mu ce wa jami'i, "Yallaɓai, a matsa shi." In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sashe na 34 na kundin tsarin mulki ya haramta azabtarwa, Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 kuma ta jera nau'o'inta: duka, rataya, jona lantarki, hana abinci, hana barci, barazana ga iyali. Hukuncin ya kai ɗaurin shekara 25, in mutum ya mutu kuma tuhumar kisa ce. Dokar ba ta bar uzurin yaƙi ko dokar ta-ɓaci ba.

Ko a ajiye batun tausayi, duka ba ya haifar da gaskiya. Wanda aka rataye zai amsa satar da bai yi ba, ya kuma ambaci sunan duk wanda ya faɗo masa a baki, maƙwabci ko abokin gaba. A wuraren da kalmar "infoma" ke iya jawo wa mutum kisa, irin wannan suna da aka tatsa da bulala ba ƙaramar masifa ba ce. Sannan kotu na watsi da iƙirarin da aka samu ta hanyar tilas, sai mai laifin gaske ya fita saboda an dogara da duka maimakon bincike.

Zanga-zanga fa? Sai da izinin 'yan sanda?

A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar da jam'iyyar ANPP da wasu jam'iyyu suka yi da Sufeto Janar, ta ce sharaɗin neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Dokar 2020 ta ɗora musu nauyin ba da tsaro ga taron da aka sanar da su. In taro ya rikiɗe aka fara fasa shaguna, suna da ikon tarwatsa shi, amma bi da bi: magana, gargaɗi, garkuwa da kulki, barkonon tsohuwa. Ƙa'idojin Afirka na 2017 sun ce ba a tarwatsa taro da bindiga, kuma harbin kan mai uwa da wabi cikin jama'a keta haƙƙin rayuwa ne. In mutum ɗaya a cikin dubu ya zaro makami, shi za a nufa.

Zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 ta nuna cewa maganar ba ta mutu ba. An sa dokar hana fita a Katsina. Ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohi shida, har da Katsina, rundunar 'yan sanda kuma ta musanta.

Duk wannan a gari ne. A dajin Rugu ma sai ɗan sanda ya tsaya yin gargaɗi?

A'a, kuma ƙa'idar ba ta ce haka ba. Mutumin da ya buɗe maka wuta, ko ya shigo ƙauye a kan babur da bindiga yana harbi, shi ne ainihin barazanar da aka halatta harbi dominta, kuma gargaɗi ya faɗi tunda yinsa halaka ne. Masu cewa dokar kare haƙƙi ta ɗaure hannun jami'ai a gaban 'yan bindiga ba su karanta ta ba.

Haɗarin kuma na gaske ne. Ranar 5 ga Yulin 2022 'yan bindiga suka yi wa Mataimakin Kwamishina Aminu Umar, kwamandan yankin Dutsinma, kwanton ɓauna a Ƙaramar Hukumar Safana suka kashe shi. A ranar ce kuma aka kai hari kan ayarin share fage na shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, a kusa da Dutsinma, a hanyarsu ta zuwa Daura. In mai wannan muƙami bai tsira ba, sai a auna halin kurtun da ke ƙaramin ofishi a bakin daji.

Inda ƙa'idar take ciza shi ne bayan wuta ta lafa. Wanda ya ajiye makami ya ɗaga hannu, ko ya ji rauni ya kasa tashi, ko aka kama shi da rai, ya zama na kotu. Haka makiyayin da aka tarar a rugarsa, ko mai kai burodi ƙauye, zargi bai mayar da shi abin harbi ba. Kisan wanda bai ji ba bai gani ba yana daga cikin abubuwan da suka rura wutar ramuwa a wannan yanki, kuma jami'in da zai bi hanyar gobe shi ke biyan bashin.

Shi ɗan sandan, me ke kare ransa?

A takarda abubuwa da yawa. Yana da haƙƙin kare kansa kamar kowa. Sashe na 98 na Dokar 2020 ya tanadi tarar naira 500,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun, ga wanda ya kai wa jami'i hannu ko ya hana shi aiki. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. A 2019 aka kafa Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda don horo da kayan aiki da walwala.

A ƙasa kuwa, abin da ke kare shi kaya ne: rigar sulke, hular kwano, rediyon da ke aiki, mota mai mai a ciki, abokan aiki da za su iso in ya kira. A ganina nan ne tsaron jami'i da tsaron talaka suke haɗuwa. Duba ɗan sandan da ke bakin hanya. Sau da yawa ba kulki a ƙugunsa, ba ankwa, ba barkonon fesawa, sai AK-47 rataye a kafaɗa. Tsakanin tsawa da harsashi ba shi da komai. Ƙa'ida ta ce ya bi mataki-mataki, amma matakan tsakiyar ba a ba shi su ba. Wanda ke sanye da sulke yana iya jinkirta daƙiƙa biyu ya tantance ko waya ce a hannun mutum ko bindiga. Wanda ƙirjinsa ke buɗe ba ya jira.

Sai gajiya. A Afrilun 2019 Sufeto Janar Adamu ya ba da umarnin a koma aikin awa 8, karo uku a yini, maimakon awa 12, yana danganta yawan ɓarin harsashi da gajiya da damuwa. Umarnin daidai ne, amma yana buƙatar yawan ma'aikata, ga shi kuma an kwashe jami'ai da dama suna gadin manya. Mutumin da ya kwana tsaye, ya binne abokin aikinsa a makon jiya, ba wanda ya zauna da shi ya ji halin da yake ciki, sannan aka dawo da shi shataletale da bindiga, haɗari ne ga kansa da masu wucewa. Hakan dalili ne na gyara, ba uzuri ba ne a gaban alƙali. Shan giya ko ƙwaya a bakin aiki kuwa laifi ne a dokar rundunar.

In oga ne ya ce a yi harbi?

Umarnin da ya fito fili haramun ne ba ya wanke wanda ya aiwatar. Dokar Hana Azabtarwa ta faɗi haka ƙarara, ta kuma haɗa da babban da ya ba da umarnin. Ƙa'idojin 1990 sun ƙara da cewa kada a hukunta jami'in da ya ƙi bin irin wannan umarni. Ƙananan jami'ai su lura: ranar bincike, rajistar ma'ajiyar makamai za a buɗe, a ga wa ya karɓi wace bindiga da harsashi nawa, nawa ya dawo da su. Sunan mai sa hannu ne a wurin.

An harbi mutum. Sai an kawo takardar 'yan sanda kafin asibiti ya karɓe shi?

A'a. Dokar 2017 kan kula da waɗanda aka harba ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi mai raunin harsashi nan take, da takardar 'yan sanda ko babu, ba tare da jiran kuɗin ajiya ba. Asibitin ne zai sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa 2 da fara magani. Wanda ya taimaka ya kawo shi ma dokar ta ce a mutunta shi. In jami'i ne ya yi harbin, nauyi ne a kansa ya nema wa wanda ya harba magani, a sanar da danginsa, ya kai rahoto ga magabatansa ba da ɓata lokaci ba.

'Yan sa-kai da dakarun tsaron al'umma, su ma wannan doka ta hau kansu?

Ta hau, har ma ikonsu bai kai na ɗan sanda ba. Dakarun da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 an kafa su ne don su taimaka wa jami'an tsaro, da yake 'yan gari ne da suka san hanyoyin daji. Su da 'yan banga da kowane farar hula, in sun kama mutum, doka ta ce a miƙa shi ga 'yan sanda ba da jinkiri ba. Yanke wa wanda ake zargi hukunci a kasuwar ƙauye kisan kai ne, ko wane ne ya yi.

An zalunce ni ko an kashe mini ɗan'uwa. Ina zan kai kuka?

Kada ka rama a wurin, kada ka kama rigarsa, kada ka taɓa bindigarsa. Riƙe sunan da ke ƙirjinsa, lambar mota, wuri da lokaci, da sunayen waɗanda suka gani. Je asibitin gwamnati a ranar, likita ya rubuta abin da ya gani, a ɗauki hoton raunin kafin ya warke. In rasuwa ce abin ya fi wuya, don al'adarmu da addininmu suna son a gaggauta jana'iza, amma rahoton likita kan musabbabin mutuwa kafin a kai mamaci makwancinsa shi ne sau da yawa ke raba shari'ar da ta tsaya da wadda ta rushe.

A san kuma wa ke da iko da wa. Zamanin En'e 'yan doka, wato 'yan sandan gargajiya, na ƙarƙashin sarki ne, har Usman Nagogo ya shugabanci na Katsina kafin ya hau gadon sarauta. Tun da mulkin soja ya haɗe su da rundunar tarayya, sashe na 214 kuma ya tabbatar da runduna ɗaya tak, hakimi ko sarki na iya sa baki amma ba ya iya hukunta ɗan sanda. Tsanin shi ne DPO, kwamandan yanki, Kwamishina, sai Mataimakin Sufeto Janar na shiyya ta 14 da ke nan Katsina. Akwai sashen karɓar ƙorafi na CRU da aka kafa a 2015, ana samunsa ta waya da kafofin sada zumunta. A wajen rundunar akwai Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, mai ikon ladabtar da kowane jami'i ban da Sufeto Janar, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, da hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali. Rubuta ƙorafinka, a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka.

Sai Babbar Kotu, inda ake shigar da ƙarar tauye haƙƙi. Ƙa'idojin shigar da ƙarar tauye haƙƙi na 2009 sun ce irin wannan ƙara ba ta tsufa, kuma wani na iya shigarwa a madadin wanda abin ya shafa. Sashe na 35 ya tanadi diyya da neman afuwa a bainar jama'a ga wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba. Idan aka zo da maganar sulhu ta hannun manyan unguwa, kada ka sa hannu a takardar yafiya sai lauya ya karanta.

An taɓa hukunta wani kuwa?

An taɓa, sai dai da jan lokaci. Matasa shida da aka kashe a Apo, Abuja, a Yunin 2005, sai a Maris 2017 kotu ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa, ta sallami uku. Jami'in da ya harbe wata lauya a Ajah, Legas, ranar Kirsimetin 2022, an yanke masa hukuncin kisa a Oktoban 2023, cikin ƙasa da shekara. An rushe SARS, sashen 'yan sanda na yaƙi da fashi, ranar 11 ga Oktoban 2020 bayan zanga-zanga. Korar ƙananan jami'ai bayan shari'ar cikin gida kuwa ana yawan sanar da ita, musamman in bidiyo ya yaɗu. Kora dai hukuncin aiki ne, ba ta hana a gurfanar da mutum a kotu, don haka in an ce maka an kore shi, tambayi lambar ƙarar da kotun da aka kai shi.